Kamfani Ya Sauya Hannu: Ina Makomar Tsohuwar Manhajar Sadarwa?

Duk wanda ya taɓa riƙe sadarwar kwamfutocin wata ma'aikata ya san irin wasiƙar da ke zuwa washegarin da aka sanar cewa wani babban kamfani ya saye wanda ya ƙirƙiri manhajar da yake aiki da ita. Kalamanta masu sanyi ne: a kwantar da hankali, babu abin da zai sauya, kwastomomi su ne kan gaba. Sau da yawa gaskiya ce a ranar da aka rubuta ta. Sai dai ba ta taɓa tambayoyin da ke cin ran mai karanta ta. Lasisin da na biya kuɗinsa shekarun baya yana nan daram? Idan gobe aka gano ɓaraka, wa zai ba ni faci, wato gyaran da ke toshe ta? Idan kwangilata ta ƙare, nawa za a ce in kawo?

Ba za a gane bakin zaren ba sai an raba abubuwa biyu da mutane suka saba haɗawa wuri guda, wato lasisi da kwangilar kulawa.

Wanda ya ce ya sayi manhaja, a shari'ance ba manhajar ya saya ba, izinin aiki da ita ya saya. Izinin nan shi ne lasisi. A tsohon tsari ana biya sau ɗaya, a ce maka lasisinka na dindindin ne: ka yi ta aiki da wannan fitowar har ranar da ka gaji. Kwangilar kulawa kuwa daban take. Ita ake sabuntawa duk shekara, galibi a kan wajen kashi 20 cikin 100 na kuɗin lasisin, kuma ita ce ke ba ka damar sauke faci, da karɓar sabuwar fitowa, da buga waya a ɗauka idan abu ya tsaya cak da tsakar dare. Kalmar dindindin a kan lasisi take, ba ta shafi kulawa ba. Kamar ka mallaki mota ce, takardunta duk da sunanka, amma kayan gyaranta shago ɗaya kaɗai ke sayarwa a duniya, kuma mai shagon yana da ikon ya ce daga bana ba ya sayar wa masu irin motarka sai sun koma ɗaukar haya a wurinsa.

A wasu manhajojin wannan ba ya tada hankali. Manhajar zane ko ta lissafin kuɗi da ke zaune a kwamfutar da ba ta leƙa intanet za ta iya shekara goma ba faci, ba abin da ya same ta. Manhajar sadarwa ba ta da wannan gata. Rauta mai tura bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa, da katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita, da ƙofar VPN da ma'aikata ke bi su shiga ofis daga gida, duk a bakin ƙofa suke kwana. Su ne abu na farko da mai kutse ke ƙwanƙwasawa. Ranar da aka daina yi musu faci ba sa mutuwa, aikinsu suke ci gaba da yi lafiya lau, fitilunsu na ƙyaftawa, kuma a nan haɗarin yake, don babu wata alama da za ta nuna wa shugaban ma'aikata cewa ƙofar gidansa ta fara ruɓewa.

Ga misali guda. Manhajar VPN da aka fi sani da Pulse Secure ta faro ne a wani ƙaramin kamfani, Neoteris. NetScreen ya saye shi a 2003, Juniper ya saye NetScreen a 2004, a 2014 Juniper ya sayar da wannan sashe ga masu zuba jari na Siris Capital, a 2020 kuma Ivanti ya karɓa. A Janairun 2024 aka gano masu kutse suna shiga ta wasu kafofi a cikinta, har hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayya su cire na'urorin daga layi kafin a gyara. Ba cinikin kamfani ne ke haifar da ɓaraka ba, kowace manhaja da tata. Abin lura shi ne, a irin wannan rana, rayuwar ma'aikatarka ta rataya ne a kan mai riƙe da manhajar a yau, wanda wataƙila ba da shi ka yi ciniki ba, ba kuma shi ya yi maka alkawari ba.

Abu na biyu da ya sa ta fi wuyar sha'ani shi ne ba a tumɓuke ta dare ɗaya. Dokokin da ke cikin katangar tsaron da ta shekara goma sha biyu tana aiki sun kai ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Wannan an sa shi don wata na'urar asibiti ta iya magana da sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, wancan don wani reshe da ke nesa, wani kuma babu wanda ya tuna dalilinsa, wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aiki. Sauya irin wannan tsari yana cin watanni, a manyan ma'aikatu shekaru, kuma dole a yi shi alhali aiki na tafiya. Sabon mai kamfani ya san haka sarai. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya: wanda ya zuba biliyoyi ya sayi kamfanin da manhajarsa ta tsufa, ba fasahar ce ta fi jan hankalinsa ba, kwastomomin da ba za su iya tashi da wuri ba su ne hajar.

Ba ina cewa duk mai saye mugu ba ne. Riƙe tsohuwar manhaja akwai tsada. Injiniyoyin da suka san cikinta kaɗan ne, kuma su ne kan fara tafiya idan aka haɗe kamfanoni, wasu a sallame su, wasu su ajiye da kansu. Galibi kuma da bashi ake yin irin wannan ciniki, masu bashi na jiran nasu. Don haka sabon mai gida yakan zauna ya kasa kayan da ya gada kashi uku: waɗanda zai zuba wa kuɗi su girma, waɗanda zai bari suna kawo kuɗin kulawa ba tare da an ƙara musu komai ba, da waɗanda zai sayar ko ya rufe. Idan manhajarka ta yi karo da wadda mai sayen yake da ita tun asali, to ka fara shiri, don da wuya ya ci gaba da ciyar da kishiyoyi biyu a gida ɗaya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar cinikin VMware, kamfanin da manhajarsa ke sa sabar ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa. Kamfanin Broadcom ya sanar da niyyarsa ta sayensa a Mayun 2022 a kan dala biliyan 61, aka kammala a ranar 22 ga Nuwamba, 2023. Ba a yi wata guda ba, a Disamba, kamfanin ya ce ya daina sayar da lasisin dindindin, ya kuma daina sabunta kwangilar kulawa ga masu riƙe da shi. Wanda ke son ci gaba da samun kulawa sai ya koma biyan kuɗin shekara-shekara. Aka kuma tattara kayayyaki da dama aka ɗaure su cikin 'yan ƙunshi kaɗan, har da NSX, manhajarsu ta sadarwa, wadda a da ana iya sayenta ita kaɗai. Wanda abu ɗaya yake buƙata, ya tarar sai ya ɗauki ƙunshin duka. A lura, ba a ƙwace lasisin kowa ba. Mai lasisin dindindin yana da ikon ci gaba da kunna manhajarsa har gobe. Igiyar kulawa kawai aka tsinke, kuma ita kaɗai ta isa.

Da ƙorafi ya yi yawa, a Afrilun 2024 shugaban Broadcom, Hock Tan, ya ce za a riƙa bai wa masu tsohon lasisi facin ɓarakar da ta fi muni kyauta, a fitowar vSphere, babbar manhajar VMware, da ake kula da su. Wannan ya rage zafi, bai kashe wutar ba. A Agustan 2024 kamfanin sadarwa na AT&T ya kai ƙara kotu a jihar New York, yana cewa kwangilarsa ta ba shi damar sabunta kulawa na ƙarin shekaru, an kuma hana shi. Broadcom ya kare kansa da wani sashe na kwangilar da ya ba shi ikon janye kaya daga kasuwa idan ya ba da sanarwa. Kafin shekarar ta ƙare suka sasanta a tsakaninsu, don haka alƙali bai kai ga faɗin wanne sashe ne ya rinjayi wani ba. A 2025 wasu masu lasisin dindindin da kwangilarsu ta ƙare suka fara samun wasiƙun gargaɗi cewa su cire duk wani sabuntawa da suka ɗora bayan ƙarewar kwangilar. A shekarar kuma wata kotu a Holan ta umarci a ci gaba da kula da manhajar hukumar Rijkswaterstaat, mai lura da manyan hanyoyi da magudanan ruwan ƙasar, har tsawon shekara biyu, don ta samu sararin ƙaura zuwa wani tsarin.

Abin da ke damuna a wannan labari shi ne waɗanda ba a ji sunansu ba. AT&T yana da rundunar lauyoyi. Hukumar gwamnati tana da kunnen kotu. Ƙaramar makaranta, ko asibiti mai gado hamsin, ko kamfanin da mutum ɗaya ne ke riƙe da duk sadarwarsa, ba su da wanda zai tsaya musu. Nasu shi ne su biya, ko su zauna ba faci suna addu'a.

Akwai kuma wata sura ta matsalar da ba ta kai wannan ƙara ba, amma ta fi rikitarwa: a saye kamfani a yanyanka shi. Lokacin da Broadcom ya saye Brocade a 2017, sashen sadarwar ma'ajiyar bayanai kaɗai ya riƙe. Na'urorin rarraba layi na manyan cibiyoyin bayanai suka koma Extreme Networks. Ruckus, mai kayan waya-fai, tare da na'urorin ICX, ya koma Arris, wanda shi ma CommScope ya haɗiye a 2019. Ma'aikatar da ta sayi kaya iri uku daga kamfani ɗaya da kwangila ɗaya, sai ta wayi gari da iyayen gida uku, kowa da shafinsa, da lambar wayarsa, da ranar da ya sa wa kayansa ta daina kulawa. Manhajar Vyatta, wadda ke mai da kwamfuta ta zama rauta, ita ta fi shan yawo: Brocade ya saye ta a 2012, AT&T ya karɓa a 2017, Ciena ya karɓa a 2021. Fitowarta ta kyauta tun 2013 aka daina raya ta, sai masu amfani da ita suka ɗauki tushen rubutunta, wato umarnin da injiniyoyi suka rubuta suka gina ta da shi, da yake a buɗe yake, suka ci gaba da ita da sunan VyOS.

Amma duk cikin waɗannan, abin da na ga ya fi cutar da mutane ba mummunan labari ba ne, shiru ne. Idan aka ce maka za a rufe manhajarka nan da shekara uku, ka san abin yi: ka nemi kuɗi, ka tsara ƙaura. Idan aka yi maka shiru, ba ka gaba ba ka baya. Shirun kuma yana da dalili na doka. Tsakanin sanar da ciniki da kammala shi, kamfanonin biyu ba su da izinin yin aiki kamar abu ɗaya, sai hukumomin hana babakere a kasuwa sun gama bincike. Mai saye ba zai iya yi maka alkawari a kan kayan da bai mallaka ba tukuna, mai sayarwa kuma ba zai iya yi maka alkawarin abin da ba shi zai cika ba. Cinikin VMware ya ɗauki kusan wata 18. Na HPE (Hewlett Packard Enterprise) da Juniper, na dala biliyan 14, an sanar da shi a Janairun 2024, bai kammala ba sai Yulin 2025, bayan an sasanta da ma'aikatar shari'a ta Amurka a kan cewa HPE zai rabu da sashensa na kayan sadarwa mai suna Instant On. A tsawon irin wannan lokaci kwangiloli suna ƙarewa, na'urori suna tsufa, kuma dole mutum ya yanke shawarar shekara biyar a cikin duhu.

Wani lokaci ma shirun yakan wuce ranar kammala ciniki. Oracle ya karɓi Sun Microsystems a Janairun 2010. Masu raya OpenSolaris, buɗaɗɗiyar manhajar Sun ta tafiyar da kwamfuta, suka yi wata da watanni suna neman a gaya musu matsayin aikinsu, ba amsa, har kwamitinsu ya rushe kansa a Agustan shekarar, wasunsu suka ɓalle suka kafa illumos. Masu tsofaffin na'urorin Sun kuma suka tarar facin da a da suke saukewa kyauta ya koma bayan ƙofar da sai mai kwangilar kulawa ke wucewa.

Na taɓa zama kusa da wani ma'aikaci da irin wannan ta rutsa da shi, a wata ma'aikata da ba sai na kama suna ba, haka ma kamfanin manhajar. An fitar da sanarwar ɓaraka a katangar tsaronsu da yammacin wata Juma'a. Ya buɗe shafin da ya saba sauke faci, shafin ya tura shi wani sabo mai tambarin sabon mai gida. Sunansa da kalmar sirrinsa ba su yi aiki ba. Ya yi sabuwar rajista, ya shiga, ya tarar da allo fari fat: babu kaya ko ɗaya a ƙarƙashin sunan ma'aikatarsu. Kwangilarsu kuwa da sauran wata bakwai, an biya. Ya janyo aljihun tebur ya zaro wata takarda da ta fara ja, mai ɗauke da lambar lasisi da sunan dillalin da ya sayar musu. Ya buga wa dillalin, aka ce ai an cire su daga jerin dillalai tun bayan cinikin. Ya buga layin kamfanin, aka nemi lambar kwastoma ta sabon tsari, wadda ba a taɓa ba shi ba. Na ga yadda ya dafe kai da hannu biyu ya yi shiru. A daren nan ya rufe ƙofar VPN gaba ɗaya, ya bar mutum kaɗan da ya san adireshin kwamfutocinsu, ya kwana yana duba rajistar masu shiga da fita. Sai da aka yi kusan mako uku ana aike-aiken takardun shaida kafin sunansu ya bayyana a shafin. Babu wanda ya yi niyyar cutar da shi. Bayanansu ne kawai suka faɗi a hanya lokacin da ake kwashe rumbun wannan kamfani zuwa na wancan.

Tun daga ranar na daina ɗaukar takardun lasisi a matsayin aikin ofishin kuɗi. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin ciniki, ranar ya kamata mai kula da sadarwa ya sauke duk abin da yake da haƙƙin saukewa: fitowar da yake kai, da facinta, da littattafan bayaninta, da lambobin lasisi, da rasitai, ya adana a wurin da ba ya dogara da shafin kowa. Ya kuma bincika ko manhajar tana buƙatar leƙa sabar kamfanin kafin ta yarda ta tashi. Wannan tambaya ce babba. Lasisin dindindin da sai ya nemi izini daga wata sabar a intanet, dindindin ɗinsa iyakar rayuwar sabar ce. Wasu na'urorin ma da haka aka ƙera su tun farko: na Meraki, wanda Cisco ya saya a 2012, idan lasisinsu ya ƙare kuma kwanakin rangwame suka wuce, sukan daina wuce da bayanai.

Sai karanta kwangilar kanta, da idon mai neman abu uku ko huɗu. Shin ta ce sabon mai kamfani ya gaji alkawuran tsohon? Yawanci idan hannun jarin kamfani aka saya, kwangiloli suna nan yadda suke, don kamfanin bai mutu ba, mai shi ne ya sauya. Idan kuwa wani sashe aka ɓantara aka sayar, sai an duba abin da aka miƙa da abin da aka bari. Shin akwai ƙayyadadden farashin sabuntawa, ko an bar shi a buɗe? Wata nawa za a ba ka kafin a janye kulawa? Shin akwai sashen da ya ba su ikon zuwa su ƙirga abin da kake amfani da shi? Irin wannan binciken yakan yawaita bayan ciniki, kuma ma'aikatar da ta ƙara na'urori cikin shekaru ba tare da ta daidaita takardunta ba, a nan ake kama ta a ɗora mata sabon tsari. Manyan masu saye sukan ƙara da sharaɗin a ajiye tushen rubutun manhajar a hannun wani amintacce, a miƙa musu idan kamfanin ya rushe ko ya yi watsi da ita. Yana da amfani, amma tushen rubutu ba tare da mutanen da suka iya karanta shi ba, rabin magani ne.

Idan kwangilar na dab da ƙarewa kuma ciniki bai kammala ba, sau da yawa hikima ita ce a sabunta ta shekaru da dama a kan tsohon sharaɗi tun ƙofa na buɗe, ba don a zauna ba, don a sayi lokacin ƙaura. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke kula da tsofaffin manhajoji a farashi mai sauƙi. Za su iya taimaka maka da gyaran tsari da toshe hanyoyin da mai kutse zai bi, amma ba su da ikon taɓa cikin manhajar da ba tasu ba, don haka facin asali ba ya fitowa daga wurinsu.

Wasu sukan ce mafita ita ce a koma buɗaɗɗiyar manhaja kawai. Akwai gaskiya a ciki, VyOS da illumos shaida ne cewa idan tushe a buɗe yake, ba mai iya kulle ƙofa ya tafi da makulli. Sai dai ita ma ba ta tsira daga girgizar ciniki ba. IBM ya saye Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, a Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke ƙarƙashin Red Hat, wanda mutane suka gina sabobinsu a kai bisa tsammanin kulawa har 2029, zai tsaya a ƙarshen 2021. Bambancin shi ne cikin 'yan watanni Rocky Linux da AlmaLinux suka fito suka cike gurbin. An sha wahalar ƙaura, amma akwai inda za a ƙaura.

Masu NetWare ba su samu irin wannan ba. Ita ce manhajar da ta haɗa kwamfutocin ofisoshin duniya a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kafin Windows NT ta ture ta. Novell ya daina kulawar yau da kullum da fitowarta ta ƙarshe, 6.5, a 2010, ya nuna wa kwastomomi Open Enterprise Server a matsayin magaji. A 2011 Attachmate ya saye Novell a kan dala biliyan 2.2, a 2014 Micro Focus na Ingila ya haɗe da Attachmate, a Janairun 2023 OpenText na Kanada ya saye Micro Focus. Ma'aikatar da har yau take da wata tsohuwar sabar NetWare a lungu, tana riƙe da wata na'ura ko wasu tsofaffin fayiloli da ba a samu sukunin kwashewa ba, takardar lasisinta tana ɗauke da sunan Novell ne, kuma idan tana da tambaya a kansa, kamfani na huɗu za ta nema, a wata ƙasa daban, ta fara da yi masa bayanin abin da ta saya da shekarar da ta saye shi.